Rami na Huɗu a Dutsen Shuɗi

Dutsen Shuɗi,
Afrilu, 1988

Zuwa ga taubashina Nata'ala,

Gaisuwa mai yawa gare ka, kai da Jamilatu da 'yarku Zinatu, wadda aka ce ana yi mata Hausa tana amsawa da Turanci. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Maigidana Uwaisu ya warke daga ciwon ƙafar nan, har ya koma kasuwa. Muna hutun makaranta, shi ya sa na sami sukunin rubuto maka, ba don ka cancanta ba.

To, mutanenku sun tafi. Ina nufin ma'aikatan kamfaninku na Landan masu neman jan ƙarfe, waɗanda suka zo da injin haƙa tun bayan girbi suka hana kowa sakat. Ramuka huɗu suka huda a gindin dutse, duk a karkace, ba kamar rijiya ba. Abin da suke zarowa dutse ne dogo mulmulalle kamar rake, su jera a akwati su rubuta lamba. Ni na riƙa dafa musu abinci, saboda haka komai a idona aka yi. Shugabansu wani ne Choji, mutumin Bukuru, Kirista, mai kunya, ba ya sa hannu a tuwo sai ma'aikatansa sun fara.

Rami na huɗu ne ya so ya ɓata mana rai. A kan layin shuɗɗan duwatsun nan da muke wasa da su muna yara suka kafa injin, bakinsa ya nufi gabas. Ka ga ke nan ƙarfen zai bi ta ƙarƙashin maƙabarta, har da kabarin Gwaggo, mahaifiyarka. Liman ya yi magana, ba a saurare shi ba. Ni kuwa na tare Choji na tambaye shi ko a garinsu haka ake yi wa matattu. Baturen da ke duba aikin yana kwance a Jos da zazzaɓi. Washegari na tarar Choji ya juya injin ya fuskanci arewa, ya bi tsawon duwatsun. Ya ce rami rami ne, zurfin duk ɗaya. Allah ya saka masa da alheri.

Yanzu tun da an ce akwatunan wurinka za su zo, sai ka gaya mana abin da ke ciki. Samari suna ta cewa aiki ya zo gari, tsofaffi kuwa sun yi tsuru-tsuru.

Taubashiyarka,
Murja

*

Whitechapel, Landan,
Yuli, 1988

Malama Murja,

Na sami takardarki, na ji daɗin lafiyarku da warkewar Uwaisu. Ki gaishe shi, ki ce na jinjina masa da yake haƙuri da bakinki. Mu ma lafiya. Jamilatu tana nan tana fama da aikin asibiti. Zinatu kuwa, na karanta mata gaisuwarki, ta saurara tsaf, ta ce, "Thank you, Baba." Kin ga dai ba ƙarya aka yi mata ba.

Bari in gaya miki yadda aikin yake, don ki daina zaton muna buɗe akwati ne mu ga ƙarfe yana walƙiya. Dutsen nan mai kama da rake ana tsaga shi biyu a tsaye. Rabi a ajiye, rabi a niƙa shi ya zama gari, mita-mita, kowace mita da jakarta. Ɗakin gwaji ya auna jan ƙarfen da ke cikin kowace jaka ya aiko mana da lambobi. Ni nawa shi ne in ɗauki lambobin nan in jera su a kan zanen ramin, in duba inda ramin ya nufa da yadda ya karkata, sannan in zana abin da nake jin yana kwance a ƙarƙashin ƙasa. Ba wanda ya taɓa ganinsa da ido. Daga lambobi da layi muke gane shi.

Abin da muka samu kuwa, ba ni da ikon faɗa. Amanar aiki ce, na sa hannu a kai tun ranar da aka ɗauke ni. Abin da zan iya ce miki shi ne, manyan da a da ba sa amsa gaisuwata a matakala, yanzu suna tsayawa a teburina suna tambayar lafiyar iyali.

Na ji an ce Uwaisu yana shirin ƙara ɗaki. In a gabashin dutse ne, ya dakata bana. Kada ki tambaye ni dalili.

Naki,
Nata'ala

*

Dutsen Shuɗi,
Agusta, 1988

Nata'ala,

Muna lafiya, ruwa yana sauka yadda ake so, gero ya yi kyau. Ina fatan ku ma haka. Gaisuwar ke nan, yau ba ni da doguwa.

Dalilin da ka ce kada in tambaya ya iso da ƙafarsa. Safiyo biyu suka zo da wani ma'aikacin ƙaramar hukuma, suka kakkafa turaku masu jan fenti. Ba a gona suka kafa ba, a cikin maƙabarta. Layi-layi, tsakanin kaburbura, wasu ma a kansu. Ma'aikacin ya tara dattawa a ƙofar Liman ya ce kamfani zai huda sababbin ramuka a wurin, kuma injin ba ya zama sai a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Saboda haka bayan girbi, da zarar ƙasa ta bushe, za a tono mutanenmu a mai da su bayan rafi, katafila ta baje wurin. Ya ce za a yi abin cikin mutunci. Liman ya tambaye shi wane irin mutunci ne a tono.

Ka sani tun da ka rubuto. Ka cika mini shafi da yadda ake niƙa dutse, ka ce Uwaisu ya dakata da ɗaki. Ɗakin Uwaisu ka tuna, Nata'ala. A takardata na ba ka labarin kabarin Gwaggo, ko kalma ɗaya ba ka mayar mini a kai ba. Na yi maka uzuri da ba ka zo jana'izarta ba, don na san kana tsakiyar jarrabawa kuma labarin bai same ka da wuri ba. Wannan kam ban san uzurin da zan yi maka ba.

Ka gaya mini gaskiya. Me ke ƙarƙashin maƙabartar nan, kuma da hannunka a ciki?

Murja

*

Whitechapel,
farkon Satumba, 1988

Murja,

Lafiyarmu ƙalau, sai dai tun da takardarki ta zo abinci ba ya shiga. 'Yan gidan waya a nan sun shiga yajin aiki, an ce har akwatunan jefa wasiƙa an toshe wasu. Zan jefa wannan duk da haka, Allah ya sa ta fita.

Zan karya amanar aiki in gaya miki. Ramuka uku na farko sun ratsa jijiyar jan ƙarfe, amma siririya ce, kaurinta bai kai tsawon tabarma ba. Irin wannan ba wanda zai kawo katafila dominta. Na huɗu kuwa, mita arba'in cur yana tafiya cikin jan ƙarfe, kashi uku cikin ɗari. A aikinmu ko kashi ɗaya aka samu mai irin wannan kauri, murna ake yi. Na sa aka ɗauko ragowar rabin dutsen aka kai wani ɗakin gwaji daban, ina addu'a a ce kuskure ne. Lambobin suka dawo yadda suke.

Takardar aikin ta ce ramin gabas ya nufa. Na ɗauki rula na ja layinsa gabas, na shafa jan launi a inda ƙarfen yake. Jan ya faɗa daidai ƙarƙashin maƙabarta. Fassarar da kowa ya yi, har da ni, ita ce jijiyar ta kumbura a nan ta zama babban curi. Kin tambaya ko da hannuna a ciki. Da hannuna na shafa launin.

Na roƙi manajanmu a huda sababbin ramukan daga nesa. Ya ce lissafi bai ba da haka ba, ya dafa kafaɗata ya ce ya fahimci yadda nake ji. Ranar Juma'a na zauna a masallacin nan na unguwarmu har aka watse, ban san abin da zan roƙa ba. Ina jin kunyarki, ina jin kunyar Inna, kuma ban ga ƙofa ba.

Nata'ala

*

Dutsen Shuɗi,
ƙarshen Satumba, 1988

Nata'ala,

Ina fatan kuna lafiya, tun da ba ni da hanyar sani. Duk ranar kasuwa sai na aika a duba akwatin makaranta a gidan waya, a dawo mini hannu biyu. In shirun nan naka amsa ce, to na ji ta.

Malam Almu mai gyaran keke ya rasu ranar Talata. Aka yi masa wanka aka yi salla, sannan mutane suka tsaya cirko-cirko da makara, ba a san inda za a nufa ba. Wasu suka ce a kai shi bayan rafi tun yanzu, kada a wahalar da shi sau biyu. Liman ya ce kusa da ubansa za a sa shi. Uwaisu ya ce a tsakanin turaku biyu suka haƙa kabarin, mai haƙa yana kaucewa kada ya tuge na kamfani. Ka ji inda muka kai.

Gari ya rabu. Samari suna son aiki, ban ga laifinsu ba. A gidan suna wata ta ce, a gabana, ɗan Gwaggo ya yi karatu har ya kai ga tono uwarsa. Na ba ta amsar da ba za ta manta ba, amma da na koma gida na yi kuka, don ban tabbata ƙarya ta yi ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wahalar banza da na sa Choji. Na hana ƙarfe ɗaya siriri ya bi ta ƙarƙashinsu, na sa bawan Allah ya kwance inji ya juya shi arewa, ga shi yanzu katafila za ta bi ta kansu. Da na sani da na bar shi ya huda gabas ɗinsa.

An fara yankan gero.

Murja

*

Whitechapel,
Oktoba, 1988

Murja, taubashiyata,

Muna lafiya. Wannan ta hannun wani ɗalibi da zai sauka Kano jibi na ba da ita, ya yi alkawarin sa ta a motar Jos. Na ga alamar tawa ta Satumba ba ta same ki ba lokacin da kika rubuto. In ta iso, ki karanta ta kafin wannan.

A cikin jirgin ƙasan nan mai bi ta ƙarƙashin gari na buɗe takardarki. Da na kai inda kika ce Choji ya juya injin arewa, sai na yi ta maimaita layin, har na wuce tashata ban sani ba. Ina isa gida na zazzage akwati na nemo takardarki ta Afrilu. Ga shi nan kin rubuta ɓaro-ɓaro. Ban karanta ba, Murja. Duk inda idona ya hango an ambaci kabarin Inna, tsallakewa nake yi zuwa sakin layi na gaba, don ba na iya jurewa. Abin da ya sa ban mayar miki da kalma a kai ba ke nan.

Ki natsu ki ji. Jijiyar nan a tsaye take cikin ƙasa kamar fallen kilishi, ta miƙe kudu da arewa, a ƙarƙashin shuɗɗan duwatsu. In kika soka tsinke ta fuskar kilishi, nan da nan ya fita ta baya. In kuwa kika bi ta gefensa, tsinken zai yi ta tafiya cikin nama har ya ƙare, ki ɗauka tsoka kika samu. Ramuka uku sun soka ta fuska. In har na huɗu arewa ya bi, to ta gefe ya shiga. Lambobin gaskiya ne, layin da na ja ne ƙarya. Babu wani curi, kuma babu komai a ƙarƙashin maƙabarta.

Amma in na shiga ofis da wannan a bakina kawai, za a ce ɗan gari ne yake kare garinsu. Ina bukatar abu biyu. Akwai guntun bututu da suke bari a bakin kowane rami. Uwaisu ya ari kamfas ɗin alƙibla da Liman ya zo da shi daga Makka, ya ja igiya ta miƙe daidai da bututun, ya matsa nesa kafin ya duba, don ƙarfe yana rikita allurar. Ku rubuto mini inda ya nuna.

Na biyun ya fi nauyi. Sai Choji ya yarda shi ya juya injin bai rubuta ba. In ya yarda, aikinsa ya tafi, kuma da wuya wani kamfanin haƙa ya sake ɗaukarsa. Ki gaya masa wannan tun farko, kada ki ɓoye. Mutumin nan alheri ya yi mana.

Yaushe aka ce katafilar za ta zo?

Nata'ala

*

Dutsen Shuɗi,
Nuwamba, 1988

Nata'ala,

Lafiya muke. Takardunka biyu rana ɗaya suka iso, tsohuwar duk ta yamutse. Na karanta, na janye rabin abin da na faɗa maka. Sauran rabin yana nan sai na gan ka.

Bututun arewa ya nuna, ya ɗan karkata yamma kaɗan. Liman da kansa ya riƙe kamfas ɗin, bai yarda Uwaisu ya taɓa ba.

Mun je Bukuru ni da Uwaisu. Mun sami Choji a gida yana gyaran rufi, 'ya'yansa biyar, matarsa da ciki. Da na gan su na so in sha ruwa in yi sallama in taho. Amma na faɗa masa komai, har da batun aikinsa, yadda ka ce. Ya ajiye kayan aikinsa. Can ya ce mu zo mu ga wani abu. Ya kai mu bakin wani ƙaton kududdufi na tsohuwar haƙar kuza, ruwan kore shar, ko ciyawa babu a gefensa.

Ya ce, "Malama, gidan kakana a nan yake. Shi ma yana ciki. Babana har ya mutu, in zai gaishe shi, nan bakin ruwa yake zuwa ya tsaya."

Na ce, "Ba na so in zama sanadin yunwar gidanka."

Ya ce, "Ba ke kin juya inji ba, ni na juya. Ki ce ma ɗan'uwanki ya faɗa musu. In sun tambaye ni, ba zan yi musu ba."

Matarsa tana tsaye a bayanmu, ta ji komai. Da za mu tafi ban iya kallon idonta ba.

Katafilar tana Jos, an ce farkon wata mai zuwa. An riga an share fili a bayan rafi. Ka yi sauri.

Murja

*

Landan,
Disamba, 1988

Murja,

Lafiya lau, a gurguje nake. Na shimfiɗa wa manajanmu zane biyu, na gabas da na arewa. Na nuna masa yadda jijiyar ke kwance a tsawon dutsen da aka zaro, ba a gicciye ba, abin da ya kamata in lura da shi tun farko da lambobin ba su rufe mana ido ba. Ya duba ya sake dubawa, fuskarsa ta yi ja. Sannan ya tambaye ni, da a ƙarƙashin gonar wani baƙo jan launin ya faɗa, da zan koma in bincika? Na ce masa ban sani ba.

Ya aika Jos a tsayar da katafila har safiyonsu ya auna bututun da kansa, a kuma kira Choji. Ni an ɗauke ni daga kan aikin, an ba ni tsofaffin taswirori in jera. Yanzu ba mai tsayawa a teburina, kuma barci nake yi sosai.

Ki rubuto da zarar kin ji wani abu.

Nata'ala

*

Dutsen Shuɗi,
Fabrairu, 1989

Taubashina Nata'ala,

Gaisuwa gare ka da Jamilatu, da Zinatu, a fassara mata. Mu nan lafiya, Liman ma ya ce a gaishe ka, ya sa maka albarka a bainar jama'a, har da matar nan ta gidan suna tana ji.

Safiyon ya zo ya auna, ya sami abin da kamfas ɗin Liman ya samu. Ma'aikacin ƙaramar hukuma ya dawo ya ce an fasa. Katafila ba ta ƙaraso ba. Filin da aka share a bayan rafi, yara sun mai da shi wurin ƙwallo.

Ba kowa ne ya yi murna ba. Samari da yawa sun daina gaishe ni, wasu sun ce ni da kai mun kore wa gari arziki. Na gaji da bayanin kilishi, na bar su. Choji kuwa an sallame shi. Uwaisu ya kai masa buhun gero, ya karɓa da ƙyar. An ce yana bin masu haƙa burtsatse ko za su ɗauke shi. Matarsa ta haihu, namiji. Ka riƙa sa shi a addu'a, kuma in kana da wanda ka sani a harkar ruwa, ka yi magana. Wannan nauyin a kanmu yake, ni da kai.

Turakun an bi an tuttuge, mata sun yi girki da su. Guda ɗaya na ce a bari. Uwaisu yana cikin waɗanda suka sa Gwaggo a kabari, ya ce wannan turken daidai wajen kanta suka kafa shi. Ka san kaburburanmu ba suna, damina biyu uku sai ƙasa ta daidaita, kuma waɗanda suka san wurin suna ta raguwa. Daga kan katangarmu ina hango jan fentinsa.

Wannan sakin layin kada ka tsallake shi. Itacen turken ba mai ƙwari ba ne, Uwaisu ya ce gara ta fara cinsa daga ƙasa. Ba zai kai ƙarshen damina ba.

Taubashiyarka,
Murja